Likitar Da Kowa Ke Gudu Ita Ta Rubuta Wa Suwaiba Takarda

Wata rana, shekara bakwai da suka wuce, 'yar maƙwabcinmu Suwaiba ta shigo gidanmu ido jajir.

Ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Azare, ɓangaren awon masu ciki. Tun tana yarinya likita take son zama.

Sai ga dama ta samu. Wata gidauniya za ta ɗauki nauyin mutum goma su karanta likitanci. Ta ci jarrabawa, ta haɗa takardunta.

Abu ɗaya ya rage: takardar shaida daga likitan da ya san aikinta.

Akwai wani likita mai fara'a a asibitin, kullum cikin raha yake da kowa. Shi ta fara tunkara.

Ya ce ta dawo gobe.

Ta dawo. Ya ce jibi.

Ranar Laraba ta je, aka ce ya tafi taro Abuja, sai mako na sama. Ga shi ranar Juma'a za a rufe karɓa.

Likita ɗaya ta rage a asibitin: Dakta Talatu.

Matar nan ba ta dariya. In ta shigo ɗaki, har masu shara gyara tsayuwa suke. Ta taɓa yi wa Suwaiba faɗa a gaban mata masu awo, saboda ta rubuta sakamakon gwajin hawan jini ba daidai ba. Tun daga ranar, in Suwaiba ta hango ta sai ta canza hanya.

Abin da ya kawo ta gidanmu ke nan. Mahaifiyata ta ce mata, "Je ki, 'yar nan. In ta hana, ai ba dukan ki za ta yi ba."

Da safiyar Alhamis ta ƙwanƙwasa ofishin.

Ta ce, "Dakta, na san ban taɓa burge ki ba. Amma ba ni da wanda zan roƙa sai ke."

Dakta Talatu ta cire tabarau ta dube ta.

"Wa ya gaya miki? Ranar da na yi miki faɗa, kin share hawaye kin koma kin sake gwada mata goma sha huɗu, ba wanda ya sa ki. A cikinsu kika gano wadda jininta ya hau, muka kwantar da ita. Ina kallon ki ta taga. Zauna."

Nan take ta jawo kwamfuta.

Shafi biyu ta rubuta. Ba irin yabon nan na "yarinya ce mai ladabi" ba. Ta faɗi ranaku, ta faɗi abin da ta gani da idonta, har kuskuren ta saka, da yadda aka gyara shi.

Da Suwaiba ta je ganawa da masu tantancewa, shugabansu ya ɗaga takardar ya ce duk cikin waɗanda suka karanta, ita kaɗai ce ta nuna musu mutum.

Sunanta ne na biyu a cikin goma.

Asabar ɗin da ta wuce aka rantsar da ita a matsayin likita. Mahaifinta, tela ne, da kansa ya ɗinka mata farar rigar. Unguwarmu ranar ba a ji komai sai guɗa.

Darasi: Ba duk mai yi maka murmushi ne zai tsaya maka ba, kuma mai yi maka gyara sau da yawa shi ne ya fi kowa lura da kai. Ka riƙe aikinka da gaskiya ko kana ganin ba mai kallo. In kuma buƙata ta taso, ka daure ka je ka tambaya.

Akwai wanda ka sani da tsoro ya hana shi ƙwanƙwasa wata ƙofa? Tura masa wannan yau, kafin a rufe.