Ranar da na je ƙwato autana daga hannun maƙera

Shekarun baya na yi wata wauta da har yau ake ba da labarinta a gidana, kuma ba a jira in fita.

Autana ya gama firamare a Matankari, sai takarda ta zo: an tura shi makarantar koyon sana'a ta Dogon Dutsi, sashen walda. Ni da na kai aji biyar a lakwal, wato boko, ni ke karanta wa unguwa wasiƙa, nan take na gano makirci. Na ce an sayar da kujerarsa ta kwaleji ga ɗan wani ma'aikaci, an miƙa masa guduma. Mu manoma ne kaka da kakanni. A wurinmu ƙira gado ce, ba a tura mutum cikinta da takarda.

Yaro bai daɗe da tafiya ba na ɗauko babbar riga da tabarau, na shiga mota sai Dutsi.

Diraktan makarantar ya ba ni kujera har da ruwan sanyi, abin da ya ƙara mini zargi. Mai gaskiya bai cika ladabi haka ba.

Ya ce, "Baba, masu takarda sun cika gari suna jiran aiki. Amalanke da famfo kuwa suna jiran mai gyara. Yaronka na da hannu."

Na ce, "Mushe Dirakta, naka ɗan wane sashe yake?"

"Lantarki. Ga shi can."

Na duba yaron da kyau. Kunnuwansu iri ɗaya, amma ban yarda ba.

Na tarar da nawa da baƙin gilashi a fuska, wuta na tartsatsi. Na ce ya ajiye mu tafi. Diraktan ya biyo mu ƙofa ya ce in Litinin ta yi bai dawo ba, akwai masu jiran wurin. Da muka iso gida, ko tuwo yaron bai taɓa ba.

Yau yana da shagonsa, ƙofar ƙarfen gidan nan aikinsa ce. Abin da na koya shi ne aji biyar ya isa mutum ya karanta takarda, bai isa ya fahimce ta ba. Zargin dai da saura. Har yanzu ina son ganin takardar haihuwar ɗan diraktan nan.

Amma kada ku ɗauka hankalina ne ya mai da yaron makaranta. Ranar Lahadi na iske uwarsa tana ɗaure masa gari da ƙuli-ƙuli a buhu. Na gyara tabarau na ce, "Ke, a danginmu ba a taɓa yin maƙeri ba."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Gwamna nawa aka yi cikin dangin naku? Malam, shekara biyar ka yi lakwal, abin da ka kawo muna tabarau ne. Matsa, ka take mini igiya."