Gwaggon Da Aka Ajiye

Ni ba ƙarya na yi wa Inna ba. Wannan nake so a fara sani, don har yau in maigidana ya so tsokanata sai ya ce ni na ƙago mata 'yar'uwa da rana tsaka. Ban ƙago komai ba. Shiru kawai na yi, shirun kuwa ya ci damina biyu.

Autanmu soja ne. Mu bakwai Inna ta haifa, ni ce babba, shi ne na ƙarshe, kuma duk gidanmu da ke Kwandiko a ƙasar Gwaram babu wanda ya taɓa riƙe abin da ya wuce fartanya da allo sai shi. Da aka tura su daji inda ake fama, Inna ta daina cin abinci. A zuba mata tuwo, ta yi loma biyu ta ture. Hawan jini ya kama ta, ƙafafu suka kumbura. Ni ina aure a Birnin Kudu, ina koyar da matan aure a Islamiyya, to duk Alhamis da babu karatu sai in shiga mota in je in duba ta. Auta ya san ranar, in ya samu sabis sai ya kira wayata su gaisa.

Wata Alhamis muna zaune a rumfa tana tsince wake, ya kira. Na buɗe muryar wayar na ajiye a tabarma. An gama gaisuwa lafiya lau, sai bakinsa ya suɓuce.

"Shekaranjiya ai an rutsa da mu, Inna. Ba don Gwaggo ta zo ba, da yanzu wani zancen ake yi."

Inna ta tsaya da tsintar. "Wace Gwaggon? Muna da dangi a can ne?"

Ya fashe da dariya. "Wata tsohuwa ce, Inna. Ga muni, ga faɗa, ga tafiyar hawainiya. Amma in mun kira ta sai ta zo, kuma ba ta gusawa daga kanmu sai ta ga kowa ya fita."

Nan sabis ya ɗauke. Inna ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allahu akbar! Ka ji baiwar Allah. Ashe akwai mai kula da shi." Ranar ta cinye tuwonta tas, har ta ce a ƙaro miya.

Bayan kwana uku ya same ni a waya ni kaɗai, na tambaye shi wace tsohuwa ce ke yawo a fagen fama. Dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Haba Yaya, ke da kike malama! Jirgi ne fa." Wai wani tsohon jirgin sama ne da aka ƙera don aiki ɗaya tak, kare sojan ƙasa. Ba ya gudu sosai, yana saukowa ƙasa-ƙasa har matuƙin ya iya bambance su da masu harbinsu, kuma yana iya daɗewa yana kewaya kansu kamar kaza da 'ya'yanta. Akwai wasu jiragen masu saurin walƙiya, amma su daga can ƙololuwa suke zuwa, su saki abin da suka ɗauko su wuce. Shi wannan tsayawa yake yi. In ya buɗe wuta kuma ƙararsa kamar tsohuwa na zazzaga masifa a tsakar gida, shi ya sa suka laƙaba masa Gwaggo.

Na ce, "To ka ja mana. Inna ta ɗauka mutum ce."

Ya ce, "Tana cin abinci?"

Na ce tana ci.

"To ki bar ta, Yaya."

Na kuwa bar ta. Inna ta saka Gwaggo a addu'arta bayan kowace salla, tsakanin iyayenta da suka rasu da 'ya'yanta. Ta daka kuka, ta haɗa daddawa ta ce in aika mata, na aika, su Auta suka sha miya suka sa albarka. Da Salla ta zo ta sa aka sayo wa Gwaggo atamfa a kasuwar Gwaram, mai duhun launi, wai irin ta manya. Wannan kam ba ni da inda zan kai ta, na jefa a ƙasan akwati. Maigidana ya ce, "Ki gaya wa baiwar Allahn nan gaskiya tun kafin abin ya yi nisa." Na ce, "Malam, kumburin ƙafarta ya saɓe ko bai saɓe ba?" Ya ce ya saɓe. Na ce to a bar ni in ji da abin da ya dame ni.

Ana cikin damina ta biyu, ina tsakiyar wanki, Auta ya kira. Muryarsa ba yadda na saba jinta ba.

"Yaya, an yi wa Gwaggo ritaya."

Na ce ritaya kamar yaya, ma'aikaciyar gwamnati ce? Ya ce manya sun yanke shawara a ajiye irin waɗannan jiragen gaba ɗaya. Sun tsufa, kayan gyaransu sun yi wuya, kuma za a kawo sababbi waɗanda kowanne ke aikin goma: su yi leƙen asiri, su kai farmaki nesa, su kuma taimaki na ƙasa in an kira su.

Na ce, "Sun iso?"

Ya ce suna hanya.

Raina ya ɓaci har na watsar da ruwan kumfa a kan kayan da na riga na ɗauraye. Suna hanya! Wane mai hankali ne zai hango hadari ya zubar da ruwan randa? Kuma wai aikin goma. Ni mace ce, na san mai aikin goma. In tana daka ba ta jin kukan goyo, in ta je ɗebo ruwa tuwo ya ƙone. Su waɗanda suka zauna a ɗaki mai sanyi suka yanke wannan, akwai wanda ya taɓa kwanciya rub da ciki a rami yana jiran ƙara daga sama? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba wanda ya tambayi mai ɗakin.

Ban san wa zan kai wa ƙara ba, wannan shi ya fi ci mini rai. Akwai wani shiri na rediyo da ake buga waya da safe, na yi ta gwadawa har na samu shiga. Ina fara bayani mai gabatarwa ya ce, "Hajiya, yau kan takin zamani muke magana," ya katse ni. Akwai kuma wani dattijo a layinmu, tsohon soja, yanzu kaji yake kiwo. Na sa hijabi na same shi a ƙofar gida, na zazzage masa duk abin da ke cikina, ina jiran ya taya ni faɗa. Ya bari na gama tsaf.

"Malama, kin gama? To wanda ke tuƙa tsohon jirgin nan shi ma ɗan wata ne. Mutanen dajin yanzu suna da bindigar da ke kai wa jirgin da ya sauko ƙasa. Ƙarfen kuma ya gaji. Ranar da fiffike ya ɓalle, uwarsa wa za ta kai wa ƙara?"

Maganar tasa ta ƙara tunzura ni. Na ce, "To Baba, a kawo sabon da zai tsaya irin tsayuwar tsohon mana, sannan a ajiye shi." Ya watsa wa kajinsa dusa ya ce, "Ai da ke ce babba, da an huta." Ko sallama ban yi masa da kyau ba na dawo gida.

Inna ba ta san komai ba. Duk Alhamis sai ta ce, "Ya Gwaggo?" Auta ya ce tana gaishe ki. Ni kuwa ina gefe ina sauraronsu.

Kafin a fara girbin gero abin da nake tsoro ya faru. An yi musu kwanton ɓauna a bakin wani rafi. Sun kira sama, sun kira, sun kira. Jirgi ya zo daga nesa bayan an daɗe ana ɓarin wuta, irin mai saurin nan. Daga inda yake bai iya tantance su da maharan ba, don an cakuɗe, ya yi kewaye biyu bai harba komai ba, man jirgin ya ja baya, ya juya. Ban zargi matuƙin ba, da ya harba wataƙila da su zai samu. Auta ya fita da harsashi a dantse. Abokinsa da suke cin abinci kwano ɗaya bai fita ba.

Da aka sallame shi daga asibiti aka ba shi hutu ya zo gida, hannu a rataye. Inna ta shafa dantsen, ta shafa fuskarsa, ba ta yi kuka ba. Sai da ya sha fura ta tambaye shi.

"Ina Gwaggo take aka yi maka haka?"

Ya dube ni, na kau da kai. Ya ce, "Ta rasu, Inna."

Inna ta yi salati. Washegari ta sa aka yi waina aka raba wa maƙwabta sadaka, ta aika wa liman ya yi wa mamaciya addu'a. Ina kallo aka yi wa jirgin sama addu'ar samun rahama. Daga ranar kuma tuwon Inna ya koma loma biyu.

Rauni ya warke, aka kira shi ya koma. Na zo daga Birnin Kudu don in raka shi tashar Gwaram. Da hantsi ya ɗauki jakarsa, mun fito zaure ke nan sai ga Inna a bayanmu, ta sa hijabinta na unguwa da takalmi, ƙunshin kaya a ka.

Na ce, "Inna, ina zuwa?"

"Binsa zan yi. Ba tsohuwa ce ke kula da su ba? Ni ma tsohuwa ce. Ita da ba ta haife shi ba ma ta tsaya, bare ni."

Auta ya shiga lallashi, ba a barin farar hula, wurin da nisa, babu ruwa. Ta ce ita ba ruwa za ta je sha ba. Ta raɓa ta gefensa ta nufi ƙofa da kumburarrun ƙafafunta. A nan haƙurina ya ƙare, na ɗaga murya a kan mahaifiyata, abin da ban taɓa yi ba tunda na zo duniya.

"Inna, jirgi ne! Jirgin sama ne, ƙarfe ne, ba mutum ba ce! Babu wata Gwaggo!"

Ta tsaya cak. Ta juyo ta dubi Auta, ya sunkuyar da kai. Na zaci za ta yi mana faɗan yaudarar da muka yi mata, na ma shirya karɓa. Ba ta bi ta kan wannan ba.

"Ƙarfe," ta ce. "To ƙarfe mutuwa yake yi?"

Auta ya ce, "Bai mutu ba, Inna. Ajiye shi aka yi, wai ya gaji."

"Yana nan?"

"Yana nan."

Ta sauke ƙunshin daga kanta a hankali, ta riƙe shi a ƙirji. Ta kai ɗan yatsa ta taɓa dantsensa, daidai inda fatar ta lotsa.

"Ƙarfe ya gaji an ajiye shi. Kai kuma an ce ka koma."

Mai babur ɗin da zai kai shi tasha yana waje yana ta danna ƙaho, Auta ya durƙusa ta ɗora masa hannu a ka, ya tashi ya fita. Ni ban iya raka shi tashar ba. Na zauna da ita a dakalin zaure har aka kira azahar.