Lamba Arba'in da Takwas ta Inna Talatu

Har gobe ban manta ranar da na bi wata mara lafiya har ƙauyensu a bayan Gozaki ba, na tarar tana lissafin kwanakin mutuwarta, kuma da bakina na jawo. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, gara ku ji daga wurina kafin a ƙara muku gishiri.

Lokacin ina babbar nas a sashen mata a Funtua, sai aka haɗa ni da wani aikin bincike kan kansar ƙwan mahaifa. Shugabar aikin Dakta Funke ce. Iyayenta 'yan kasuwa ne daga kudu, amma a Funtua aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano.

Ga yadda abin yake, don waɗanda ba su sani ba. Akwai wani sinadari a jini da ake kira CA-125. Yawancin matan da ke da wannan ciwo za ka ga ya yi sama sosai. Idan aka yi tiyata aka fara maganin kansa, wanda ake ƙara wa mace ta jijiya duk bayan mako uku har sau shida, sai ya riƙa sauka in maganin yana ci. Abin da likitoci ke son tantancewa shi ne: yawansa tun farko, da saurin saukarsa, da wasu alamomin jini, shin suna iya nuna wadda za ta daɗe da wadda ciwon zai yi saurin dawo mata? Ba a sanin haka sai an bi mata da yawa shekara da shekaru. Aikina ke nan: in yi wa mace bayani, in ta yarda ta sa hannu ko ta dangwala, in ɗebi jini, sannan in riƙa bibiya in san tana nan ko ba ta nan.

Takardar bayanin da Turanci ta zo, ni na mayar da ita Hausa, har ina jin kaina. Na rubuta cewa wannan gwaji zai taimaka a gane tsawon kwanan mara lafiya. Haka na riƙa karanta musu.

Inna Talatu Bamagujiya ce, ta haura hamsin, doguwa, mai dariya da ƙarfi. Manomiya ce ta gaske, gonarta ta masara daban da ta mijinta, Baba Nomau. Ta zo mana ciki ya kumbura kamar mai wata tara. Aka tura ta babban asibiti aka yi mata aiki, aka fara magani, jini da bibiya kuwa a wurina. Lambar gwajin jininta ta farko ta haura ɗari tara. Bayan magani na biyu ta dawo ɗari biyu da wani abu. Bayan na uku, da takardar ta zo, na kira ta ina murna na ce, “Inna, kin ga, saura arba'in da takwas!” Abin da ake so shi ne ta sauka ƙasa da talatin da biyar, to ina ganin mun kusa. Ta dube ni, ta dubi mijinta, ta ce ta gode. Na ɗan lura ba ta yi dariyar nan tata ba, amma layi ya yi tsawo, na kira ta gaba.

Ranar magani na huɗu ba ta zo ba. Na buga wayar maƙwabcinsu da suka ba mu, mako guda ba ta shiga. A fom ɗinmu akwai gurbin da ake cikewa idan mara lafiya ta ɓace, na kai wa Dakta Funke in ce ko in cike. Ta ce matar da lambarta ke sauka haka ba ta gudun magani banza, kuma in muka riƙa cike gurbin nan duk wadda ta yi nisa, binciken zai zama na matan cikin gari kawai. Ta ce in je in gani da idona.

Kaka ce, ana karyar masara. Na hau mota zuwa Kafur, na ɗauki mai babur, muka wuce Gozaki muka shiga wata hanya da ruwa ya cinye. Sau biyu ina sauka ina takawa da farin takalmina na aiki. Ina tafe ina shirya kalmomin ta'aziyya, don na sa a raina abin da zan tarar ke nan.

Sai ga Inna Talatu a tsakar gida kan tabarma, tana ɓarar masara, 'ya'yanta mata biyu da suka zo daga Dayi da Malumfashi suna zaune jugum. Ta yi mini maraba, ta sa aka kawo mini kunu. Da na tambayi dalilin rashin zuwanta, sai ta jawo wani ɗan ƙoƙo daga ƙarƙashin tabarma. Ƙwayar masara ce a ciki. Ta ce arba'in da takwas ta zuba ranar da suka dawo daga wurina, kullum da safe tana jefa wa kaji ɗaya. Yau saura sha tara.

“Ke kika ce gwajin na tsawon kwana ne,” in ji ta. “Da fari ɗari tara, na ce to, da sauran shekara biyu da rabi. Aka sa mini ruwan nan, ya koma ɗari biyu. Aka ƙara, ya koma arba'in da takwas. Sista, in na koma aka ƙara na huɗu, ai a gadonku zan kwana.”

Baba Nomau ya gyaɗa kai. Ya ce sun zauna sun yi shawara, sun ga maganin ne ke cinye kwanakin, gara ta ci sauran a gida ta ga masararta ta shiga rumbu.

Ban san lokacin da na ajiye kunun ba. Lissafinsu daidai yake, bayanina ne karkatacce. Na ce ta yafe ni, sannan na nemi hanyar da zan gyara. Na ce lambar nan ba kwana ba ce, ciyawa ce. Gona ta cika da ciyawa, an yi noma uku, ciyawa ta ragu saura kaɗan. Noma shida ake so.

Ta juya ƙoƙon a hannunta. Ta ce wane rago ne zai bar gona a rabin noma? Sai kuma ta tambaye ni abin da nake tsoro: to in ba arba'in da takwas ba ne, nawa ne?

Na ce ban sani ba, Dakta ma ba ta sani ba. Na gaya mata gaskiya cewa ciwon nan yakan dawo, kuma lamba mai sauka alama ce mai kyau, ba alkawari ba. Na ce muna tara na mata da yawa ne don na baya su amfana, amma babu takardar da za ta faɗi ranar mutum ɗaya.

“Ashe ku ma lalube kuke,” ta ce. Nan dariyar ta dawo, har kaji suka watse.

Tana cikin dariyar sai ta tsaya cak. Ashe akwai wata maƙwabciyarta, Kande, da suka shekara ashirin ba sa ga maciji saboda iyakar gona. Makon da ya wuce Inna Talatu ta taka har gidanta ta nemi gafara, ta bar mata kunyoyin gona biyun da ake rigima a kai, suka rungume juna suna kuka. Ta ce ita fa don tafiya ta yi wannan, ba don zama ba. Ta tambaye ni ko a asibiti akwai takardar da ake janye yafiya. Baba Nomau ya ce magana ta riga ta fita, sai haƙuri.

Washegari suka biyo ni. Dakta Funke ta duba ta, ta ce jinkirin bai yi kyau ba amma ba a makara ba, aka ci gaba. Ni kuwa ta sa na rubuta rahoton abin da ya faru, ba ta yi mini faɗa ba. Muka zauna muka sake takardar bayanin, muka kai wa kwamitin da ke sa ido kan bincike ya amince, sannan muka kira duk matan da na karanta wa tsohuwar takardar ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikinsu su ma da irin wannan fahimtar suke kwana, ba su dai faɗa ba.

Inna Talatu ta gama shidan, lambarta ta sauka inda ake so. Ta yi damina uku tana noma. A ta huɗu ciwon ya dawo, kuma bai ba mu lokaci ba. Ni na rubuta ranar rasuwarta a fom ɗinta da hannuna. A jadawalin Dakta, layi ɗaya ce cikin masu yawa, kuma layin ya cika daga farko har ƙarshe, babu gurbin da aka bari.

Abin da na koya shi ne, gwajin nan yana magana ne a kan taron mata, amma mace ɗaya ce ke zaune a gabanka, kuma ita za ta tafi gida da kalmar da ka furta. Mutanenmu ba sa musu da mai farin kaya. Za su ce sun gode, su je su yi aiki da abin da suka ji. Shi ya sa har yau, in na gama bayani, ba na tambayar mace ko ta gane, don kowa zai ce e. Sai in rufe takardar in ce, “Inna, in kin koma gida aka tambaye ki me Sista ta ce, me za ki gaya musu?” Sannan in kama bakina in saurara.