Saƙon da Ya Dawo Bai Tarar da Kowa ba

Ina da sirrin Luba ta Yakasai, amma ku dakata tukuna. Ita ce mai rubuta manhajar waya, wadda ko gobara ba ta tashinta daga kan kwamfuta. Lokacin dokar hana fita ta 2012 manhajarta ta dinga mutuwa, har kamfanin da ya ba ta aikin ya ce zai ƙwace shi.

Ta taga na ji tana gaya wa abokin aikinta: "Shafin manhajar ya aika saƙon neman amsa, aka rufe shafin, na share shi daga memori, ma'ajiyar wayar. Amsar ta dawo ba kowa, komai ya rushe. Yanzu sai na soke aiken kafin in share."

Sai labule ya buɗe, Luba ta leƙo ta dube ni.

"Gwaggo Indo, tunda kunnenki na nan, gaya wa unguwa aikina ya tsira."