Kwanon Fasto

Zauren mahaifina a bakin hanya yake. 'Yan mishan masu yawon wa'azi a kan keke, in rana ta faɗi musu a garinmu, nan suke sauka. Baba ba ya wasa da sallah, su ma ba sa wasa da littafinsu, amma tabarma da ruwan wanka ba su taɓa rasawa ba. Ni ke kai musu akushi. Abin da na tashi na sani shi ne, akushin baƙo wayam yake dawowa. In ya dawo da tuwo, Inna ba ta cin nata.

To ga ni yau a Wakra, kusa da Doha, gidan ɗana likita. Wata rana ya shigo yake ce mini wani fasto daga wajenmu zai zo wa'azin mako guda a cocin unguwar Mesaimeer, kuma uban faston yana cikin masu keken nan. Wai zai kama masa otal.

Na ce, "Otal? Ubansa ya kwana a zauren ubana, shi ka kai shi inda ake ba mutum mabuɗi a juya masa baya?"

"Hajiya, nan Doha ne."

"Na ga alama. A gyara ɗakin ƙasa."

Fasto ya zo, dattijo mai furfura da 'yar jaka, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Na ce a raina, wannan ya sami tarbiyya. Da safe na aika masa koko da ƙosai. Suka dawo a rufe. Da rana ba ya nan. Da yamma na tuƙa tuwo da hannuna, da kukar da na sa aka nemo mini a kasuwar Suk Wakif. Ya ce, "Na gode, Hajiya, na ci a can." Washegari haka. Na fara leƙa kwanon da kaina, ko gefen malmala ba a taɓa ba.

Ɗana ya ce, "Khalas, ya isa, Hajiya, ki ƙyale shi."

Na ce, "Kalas ɗinka. Ƙyamar girkina yake, ko an ce masa muna zuba wani abu?"

Da na ga tafiyarsa ta matso, bai sa komai nawa a baki ba, na ja kujera na tsare ƙofa. Ya fito da littafinsa a hammata.

"Fasto, mahaifinka har ƙanzo yake nema a gidanmu. Kai me tuwona ya yi maka?"

Ya sunkuyar da kai. "Hajiya, azumi nake. Lokacinsa ne a wurinmu. Sai ƙarfe shida nake shan ruwa, sai in ci burodi da shayi a coci don kada in ɗora miki wahala."

"Kuna azumi?"

"Muna yi."

"Shi ne za ka buɗe baki da burodi, ina raye? Yau ka dawo da wuri."

Na dama kunun tsamiya, na soya ƙosai, na jera dabino. Ladan ya kira magariba, na tura masa faranti. Mutumin nan sai ya dubi agogonsa.

"Saura kaɗan, Hajiya."

"Rana ta faɗi, me kake jira?"

"Shida ba ta cika ba."

Ɗana yana ta ƙunshe dariya. Na je na yi sallah na dawo, na zauna ina kallon faston, shi yana kallon agogo. Da lokacinsa ya yi, ya rufe ido ya yi addu'arsa, sannan ya ja kwano. Ya shanye kunu, ya bi da tuwo, ya ɗago.

"Hajiya, ko akwai ƙanzo?"

Tukunyar zamani ba ta kamawa, amma ran nan na bar ta a wuta da gangan. Na tashi na kankaro masa.