Farar rigar Dakta Kachollom tana nan rataye a shagona

Da safen nan ina buɗe shago wayar 'yarta ta shigo: Dakta Kachollom ta rasu a gidanta na unguwar Romi. Hawan jini ne.

Na ɗaga kai, ga farar rigarta ta aiki rataye a ƙusa. Sati bakwai ke nan da na gama ɗinka ta.

Ni tela ne a Tudun Wada, ita kuma malamar jami'a ce mai binciken ciwon hanta. Shekara tara ni ke ɗinka mata rigunan lab, ɗakin gwaje-gwajensu. Kullum sai mun yi faɗa a kan aljihu, wai na yi shi ƙarami, biro uku ba sa shiga.

Ita ta samar wa matata gado a asibiti ranar da naƙuda ta zo da gardama. A ranar na je ba da jini aka ce ba za a ɗiba ba, ina da ciwon hanta, hepatitis B.

Na yi abin da kowa ke yi a layinmu. Na sha jiƙon shawara wata biyu, na duba idona a madubi fari tas, na ce mata na warke.

Ta ja kujera ta zauna. Ta ce, "Malam Sabi'u, in yadi ya ruɓe a tsakiyar riga, me kake yi?"

Na ce in yanke wurin in yar.

Ta ce to hanta da kanta take wannan aikin. Duk ƙwayar halittar da ta lalace, akwai umarni a cikinta ta mutu salin-alin a share wurin. Amma ƙwayar cutar tana ƙera wani sinadari, furotin, da ke dagula umarnin. Wani lokaci ya ingiza ƙwayoyin su yi ta mutuwa har hanta ta yi tabo. Wani lokaci ya hana lalatacciyar mutuwa, ta zauna tana hayayyafa, har ta iya zama cutar kansa. Abin da ke sa shi juyawa nan ko can, shi ta yi shekaru tana nema.

"Kuma duk wannan ba ya ciwo," in ji ta. "Madubi ba ya ganin hanta. Gwajin jini da sikanin, duk wata shida."

Na je sau biyu, na daina. Ba rashin lokaci ba ne, kada in yi muku ƙarya. Tsoro nake ji a ce an ga wani abu.

Zuwanta na ƙarshe, ta gwada rigar, ta zura biro uku a aljihu, suka shige. Ta yi dariya ta ce yau dai na ji magana. Sai ta tambayi takardar gwajina. Na fara kame-kame.

Ta cire rigar, ta rataye ta da hannunta.

"Ta zauna a nan. Ranar da ka nuna mini takarda, ranar zan karɓa."

Na ce haba Dakta, ana haɗa ɗinki da asibiti? Ta ce yau an haɗa. Ta shiga Keke Napep ta tafi.

Sati bakwai ina cewa gobe.

Yanzu haka a kan bencin asibiti nake rubuta wannan, an ɗebi jini, ina jiran a kira ni sikanin. Har yanzu tsoron nake ji. Duk abin da takardar ta ce, da ita da rigar zan kai wa 'yarta a Romi.

Allah ya saka mata da alherin da ta yi mana, ya ba 'ya'yanta haƙuri. Don Allah kowa ya sa ta a addu'a yadda addininsa ya koya masa. Ni ma ku sa ni, ga shi an kira sunana.