Akwatin da Na Lulluɓe da Zanen Inna

Muryar Inna tana cikin wani baƙin akwati da bai wuce girman buredi biyu ba. Na saye shi a Katsina wurin wani mai ɗaukar hoto da ke tashi daga shagonsa, shi ya haɗa mini shi, ya nuna mini yadda zan riƙa tura abubuwa daga waya su shige ciki ba tare da na jona komai ba. Faifan ajiya huɗu ne a ciki, a jere kamar littattafai a kanta. Ya ce ko ɗaya ya mutu babu abin da zai ɓace, sauran ukun sun san abin da ke cikinsa. Wannan maganar na riƙe. Ya ƙara da cewa in ɗaya ya mutu a gaggauta sauya shi, amma wannan rabin bai zauna a kaina ba.

A shekararta ta ƙarshe Inna ta baro Tsaskiya ta dawo wurina a Batsari, don ƙafa ta hana ta zuwa ko rijiya. Kullum na taso daga makarantar da nake koyarwa sai in zauna gefen tabarmarta in kunna waya, ita kuwa ta yi ta zuba. Ta faɗi kakanninmu ɗaya bayan ɗaya, da shanun da aka ba kowane ɗa ranar sunansa, da waƙoƙin da take yi a bakin turmi tana budurwa. Bayan rasuwarta na kwashe duka na zuba a akwatin, na goge na waya don wuri ya cika. Ban ba kowa kwafi ba. Ƙanwata, autarmu, ita ta fi cancanta, ita ce kuma na hana da gangan.

Lokacin da Inna ta cika, Auta tana can wurin aikinta na kwamfuta, hanya ta yi mata nisa, ta iso an riga an dawo daga maƙabarta. A gaban masu gaisuwa na ce mata ai sai ta je ta gaida ƙasa. Ni mutum ne mai saurin baki, na sani, amma wannan ta fi ƙarfin saurin baki. Shekara huɗu muna gaisawa sama-sama, ina kwana, lafiya lau, ya yara, shi ke nan.

Akwatin kuwa na girmama shi yadda aka koya mana girmama abu mai daraja. A gidanmu ba a barin abin kirki a buɗe. Ƙwaryar nono da faifanta, rediyon Baba da ƙyallensa, Alƙur'ani da gafakarsa. Sai na ɗauko zanen saƙi na Inna, mai kauri, baƙi da ratsin fari, na ninka biyu na lulluɓe akwatin ruf, na ɗora shi a saman kabad kusa da kwanon rufi. Har daɗi nake ji in na dube shi. Wata rana na ɗaga zanen na ga wata 'yar fitila ta koma ja, akwatin yana ƙara tit-tit. Na lalubo inda ake kashe ƙarar na kashe, na mayar da zane. Abubuwan da ke ciki suna buɗewa ta waya, to mene ne abin damuwa?

Da zafin bazara ya kankama, ran wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na so jin muryar Inna. Waya ta ce babu komai. Na ɗaga zanen, akwatin ya yi zafi kamar murfin tukunya, fitilu biyu ja. A fuskar wayar ga wani rubutu yana tambaya ko ina so a gyara ma'ajiyar a sabunta ta. Yatsana yana kai. Abin da ya tsayar da ni tsoro ne kawai. Na zauna a bakin gado na daɗe, sannan na haɗiye girman kaina na kira Auta.

Ban gama bayani ba ta katse ni. "Yaya, kada ka danna komai. Ka ji ko? Kashe shi, ka zare wayar wuta, ka bar shi yadda yake. Kada ka ciro faifai ko ɗaya, kada ka hura, kada ka girgiza."

"Mi ke ciki da ya sa muryarka ke rawa haka?" ta tambaya daga baya.

Na ce, "Inna ce." Ta ce tana tafe ranar kasuwa.

Ta sauka daga bas da jaka a baya, ɗan acaɓa ya ƙaraso da ita ƙofar gida. Ta gaida matata, ta gaida maƙwabta, ta sha ruwa, ta yi sallar azahar, duk ina tsaye ina tafasa. Da ta ga zanen a gefen akwatin sai ta kai hannu ta shafa shi, ta gane shi. Ta juya akwatin ta nuna mini ƙananan ramukan da ke bayansa.

"Ta nan yake numfashi, Yaya. Ka toshe mashi hanci, ka kuma aza shi ƙarƙashin kwano a watan zafi."

Ba ta ƙara ko kalma a kan wannan ba, ni da na shirya kare kaina sai na rasa da wa zan yi faɗan. Ta ce a ba ta filasta da biro. Kafin ta zare kowane faifai sai ta manna masa lamba, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta ɗauki hotonsa a gurbinsa. Ta shimfiɗa su a kan tabarma. Ta ce bayanan a rarrabe suke, kowane fayil an gutsuttsura shi an raba wa faifan huɗu, in aka rikita jerin sai an sha wuya kafin a gane kansa. Game da rubutun nan da ya nemi in danna kuwa, ta ce da na danna da ya share komai ya ba ni akwati sabo fil, babu kowa a ciki.

Sai ta tambaye ni yaushe fitilar farko ta koma ja. Na ce bai fi sati biyu ba. Ta jona faifan a kwamfutarta, ta duba wasu layukan rubutu, ta ɗago ta dube ni da murmushin da na sani tun tana rarrafe.

"Yaya, faifan ya ce tun kafin a yanke gero."

Matata ta fashe da dariya ta bar ɗakin. Auta ta yi mini bayani a hankali. Faifai na biyu shi ya fara mutuwa, abin da ya sani tsoho ne, kamar mutumin da ya yi wata takwas ba ya gari, ba a kiransa shaida kan abin da ya faru jiya. A ajiye shi gefe. Na huɗu shi ya faɗi ranar Juma'a, bai mutu ba, ya jigata ne, kuma duk abin da muke nema ya rataya a kansa.

Na ɗauka za ta mayar da shi ta kunna mu gani. Ta ƙi. Ta ciro sababbin faifai daga jakarta ta ce ba za ta yi aiki a kan na ainihi ba, sai ta kwafe kowanne tukuna, in ta yi kuskure ta yi shi a kan kwafi. Lafiyayyun biyu suka wuce ba gardama. Majinyacin nan kuwa kwana uku ya ci. Ta sa kwamfutar ta fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu ciwo, sai daga baya ta dawo musu ɗaya-ɗaya tana lallaɓawa. Ta kafa masa fanka. Ta hana kowa cajin waya a batirin sola, har ni mai gidan, don kada wuta ta yanke a tsakiyar aiki. In ya ɗau zafi sai ta tsayar, ta je ta taya matata tsince shinkafa, ta dawo. Wani lokaci yakan yi ƙas-ƙas, ita ko gezau.

Na yi shekara ashirin ina koya wa yara haƙuri da baki, ban taɓa ganin sa a aikace kamar a kwanakin nan uku ba. Na riƙa leƙowa ina tambaya saura nawa. Ta ce, "Yaya, in ka ƙara tambaya zan aike ka kasuwa." Na koma zaure na zauna, ina jin haushi ina kuma jin alfahari, yarinyar da na goya zuwa rigakafi ce ke korata daga ɗakina.

Rana ta huɗu da hantsi ta haɗa kwafi ukun a kwamfutarta, ta kulle su yadda za a iya karantawa amma ba za a iya rubuta komai a kai ba. Sunayen fayiloli suka zubo. Wasu hotunan bikin ɗan'uwanmu sun lalace, rabin hoto toka-toka, ango ba kai. Ban damu da ango ba. Na nuna mata jakar fayilolin da na sa wa suna Inna, ta danna fayil ɗaya daga tsakiya don gwaji, ba tare da zaɓe ba.

Tarin Inna ya fara fitowa, da kukan akuya daga nesa. Sai muryarta, ƙasa-ƙasa, kamar tana zaune a tabarmar nan.

"Abin nan naka shina ɗauka? To ka aje ma Auta. Ku kun ƙoshi da ni, ita boko ya ɗauke ta tun tana ƙarama, ba ta zauna da ni ba. In ta zo ka ba ta, ka ce ban yi fushi ba, ni na ce ta tafi."

Sai ga muryata a ciki, garau, ina cewa, "To Inna, zan ba ta."

Wallahi ban manta da wannan maganar ba. Na san tana ciki, shi ya sa ma ban cika kunna wannan fayil ɗin ba. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da ya dace da ni. Auta ta mayar da shi farko ta sake ji, ta kuma sake. Hawaye yana zuba a kan hijabinta ba ta share ba. Da ta gama sai ta jona wani faifai ta fara kwafewa, ta ce kwafi uku za ta yi, ɗaya nata, ɗaya nawa, ɗaya a kai wa yayarmu a Safana, kada muryar ta sake kwana a wuri guda.

Na ce, "Auta, ki yafe mani."

Ta ce, "Ai ka aje, Yaya. Bayarwar ce ta yi jinkiri."

Da za ta tafi na raka ta tasha. Akwatin yana ƙasa yanzu a kan benci, a buɗe, iska tana ratsa shi, har yau in na gan shi tsirara sai in ji wani iri. Zanen kuwa na ninke na sa mata a jaka. Bas ɗin yana tashi na hango ta ta taga, ta ciro zanen ta rufe fuskarta da shi.